Mita 90, mita 30 ko mita 1: wace taswirar tsayin ƙasa ce ta dace da nazarin ruwan kwarin kogi?

Duk wanda zai kwaikwayi tafiyar ruwan sama a kwamfuta, tun daga inda ya sauka har zuwa inda ya fice daga kwarin kogi (wato duk yankin da ruwansa ke gangarawa cikin kogin), abu na farko da manhajar za ta nema a hannunsa shi ne taswirar tsayin ƙasa, wadda masu wannan aiki ke kira DEM. Taswira ce da aka yanka ƙasa gida-gida, kowane gida murabba'i ne mai ɗauke da lamba ɗaya tak, wato tsayin wurin daga matakin teku. Daga waɗannan lambobi ne manhaja ke gano inda ruwa zai gangara da inda zai taru, da iyakar kwarin, da tsawon rafuka, da tsananin gangara. Idan aka ce taswira ta mita 30 ce, ana nufin kowane gida yana da faɗin mita 30 da tsawon mita 30, kuma duk wani tudu ko rami ko lambatu da ke cikin wannan fili an dunƙule shi ya zama lamba guda.

Mutane da yawa na shiga wannan aiki da zaton cewa taswirar da gidajenta suka fi ƙanƙanta ita ce mafi kyau a kowane hali. Ra'ayina shi ne girman gida ma'auni ɗaya ne kawai cikin ma'aunai da dama, kuma sau da yawa ba shi ne mai yanke hukunci ba. Tambayar da ake son amsawa da irin ƙasar da ake nazari su ya kamata su zaɓi taswira.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko shi ne girman gida idan aka gwada shi da girman abin da ke juya ruwa a wurin. A kwari mai tsaunuka, manyan duwatsu da kwazazzabai ne ke tafiyar da ruwa, kuma gida mai faɗi ma yana ganinsu. A fili shimfiɗaɗɗe kuwa, titi da aka ɗaga, ko jingar kogi, ko lambatu mai faɗin mita 3 na iya raba ruwa gida biyu, alhali gida mai mita 30 ba zai san da su ba. Yayin da gidaje ke ƙara faɗi, gangara na raguwa a lissafi domin kan tudu na sauka, ƙasan kwari kuma na tasowa, sannan rafi mai karkace-karkace na miƙewa ya gajarta. Waɗannan sauye-sauye biyu suna jan lokacin isowar ruwa zuwa mafita ta fuskoki masu karo da juna, shi ya sa kuskuren ke iya ɓuya na dogon lokaci ba a gan shi ba.

Na biyu shi ne daidaiton tsayi, kuma a ganina shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Hanyar da aka fi amfani da ita wajen gano alƙiblar ruwa ita ce D8, wadda O'Callaghan da Mark suka gabatar a 1984: kowane gida yana zuba ruwansa ga wanda ya fi gangara cikin maƙwabtansa takwas. To a ƙasar da ke sauka mita 1 a kowace kilomita, bambancin gaskiya tsakanin gidaje biyu maƙwabta masu mita 30 santimita 3 ne kacal. Idan taswirar tana da kuskuren mita 1 ko 2 tsakanin gida da gida, to kuskuren ne zai nuna wa ruwa hanya. A kan gangaren dutse wannan kuskure ba ya da wani tasiri, a fadama kuwa yana iya karkatar da kogi gaba ɗaya zuwa wani kwarin.

Na uku shi ne abin da na'urar ta auna. Akwai taswirar da ke ɗauke da saman bishiyoyi da rufin gine-gine, akwai kuma wadda aka tsefe ta rage tsurar ƙasa. Ruwa a ƙasa yake bi, don haka layin bishiyoyin da ke bakin kogi kan bayyana a irin taswirar farko tamkar ganuwa, ya tura rafin nesa da inda yake.

Sauran ma'aunan sun fi sauƙin fahimta: kuɗi da sharuɗɗan lasisi, nauyin aiki a kan kwamfuta da kan mai aikin, da kuma shekarar da aka ɗauki bayanan, wadda ita ce ke nuna ko har yanzu suna wakiltar ƙasar. Game da nauyi, lissafin ba ya da wahala. Kwari mai murabba'in kilomita 1,000 yana da gidaje kusan 123,000 a mita 90, kimanin miliyan 1.1 a mita 30, miliyan 10 a mita 10, da biliyan 1 a mita 1. A manhajojin da ke bin yaɗuwar ambaliya daki-daki kuwa, idan aka raba faɗin gida biyu gidaje na ninkuwa huɗu, kuma takun lokaci, wato tazarar lokacin da ke tsakanin lissafi ɗaya da na gaba, shi ma yakan buƙaci a raba shi biyu, ta yadda aikin zai iya ninkuwa takwas.

Zaɓi na farko: mita 90

Tushen mafi yawan taswirorin wannan rukuni shi ne SRTM, aikin rada da aka yi daga kumbon Endeavour na Amurka cikin kwanaki 11 a watan Fabrairun 2000, wanda ya rufe doron ƙasa daga digiri 60 na arewa zuwa 56 na kudu. An daɗe ana raba shi a mita 90 ga yankunan da ke wajen Amurka. Abin da ya ba wannan rukuni daraja shi ne gyaran da aka riga aka yi masa. HydroSHEDS, tarin bayanan da aka gina a kan SRTM, ya zo da alƙiblar ruwa da hanyoyin koguna a shirye, yayin da MERIT DEM, wanda Dai Yamazaki da abokan aikinsa suka fitar a 2017, ya cire tsayin bishiyoyi da layuka da ɗigo-ɗigon kuskuren rada, sannan MERIT Hydro, mai ɗauke da alƙiblar ruwa da hanyoyin koguna da aka fitar daga gare shi, ya biyo baya a 2019. Ana samunsu ba tare da biyan kuɗi ba, ko da yake ya kamata a karanta lasisin kowanne kafin a sa shi a aikin kasuwanci, kuma ƙaramar kwamfuta ma tana ɗaukarsu. Siffar babban kwari ba ta sauyawa cikin shekaru ashirin, don haka tsufan bayanan bai cika zama damuwa ba. Haɗarin yana ga ƙaramin kwari, domin kwari mai murabba'in kilomita 5 gidaje kusan 600 ne kawai a mita 90, kuma kuskuren gida ɗaya ko biyu a iyaka ya isa ya sauya faɗinsa sosai.

Zaɓi na biyu: mita 30

A nan mafi yawan masu nazari ke tsayawa, kuma a nan ne zaɓi ya fi buƙatar natsuwa, domin taswirori biyar ko shida ne ke ɗauke da lakabin mita 30 alhali ingancinsu ba ɗaya ba ne.

SRTM mai mita 30 an sake shi ga duniya baki ɗaya tsakanin 2014 da 2015, kuma NASA ta sake sarrafa bayanan ta fitar da NASADEM a 2020. An tsara aikin ne a kan kuskuren tsayi da bai wuce mita 16 ba, ko da yake a buɗaɗɗen fili yakan yi kyau fiye da haka nesa ba kusa ba. Matsalarsa ga mai nazarin ruwa ita ce ana adana tsayin a cikakkun mitoci ba tare da ɓurɓushi ba, saboda haka fili mai ɗan gangara yana fitowa kamar matakala, da shimfiɗaɗɗun wurare inda manhaja ba ta san ina za ta kai ruwa ba. Ga kuma ramukan da rada ba ta gani ba a kan tsaunuka masu tsini da wasu sassan hamada, waɗanda aka cike daga wasu taswirori.

ASTER GDEM, haɗin gwiwar Japan da NASA, ya fito a 2009 aka sabunta shi a 2011 da 2019. An gina shi daga hotuna biyu-biyu na tauraron Terra, kuma ya kai digiri 83 arewa da kudu, inda SRTM bai je ba. Sai dai gajimare da ƙasa mai launi ɗaya suna bar masa ƙuraje da ramukan ƙarya masu yawa, don haka ba na ba da shawarar a fara da shi a aikin ruwa matuƙar akwai wani. AW3D30 na JAXA, hukumar sararin samaniya ta Japan, wanda aka samo daga hotunan tauraron ALOS na 2006 zuwa 2011, ya fi shi tsabta, kuma yana fitar da siffar tsaunuka da kyau.

Copernicus GLO-30 ya samo asali ne daga tagwayen taurarin rada na Jamus, TerraSAR-X da TanDEM-X, waɗanda suka auna duniya tsakanin 2011 da 2015. An bayyana kuskuren tsayinsa a ƙasa da mita 4, ana adana tsayin da ɓurɓushin mita, kuma an daidaita saman tafkuna da manyan koguna. A yau shi ne inda zan ce a fara. Aibinsa shi ne irin radar da aka yi amfani da ita ba ta ratsa ganye sosai, saboda haka a daji mai duhu da cikin birni saman bishiya da rufi yake nunawa. Wannan giɓi ne FABDEM ya zo cikewa a 2022, inda masu bincike na Jami'ar Bristol tare da kamfanin Fathom suka yi amfani da koyon na'ura wajen cire gandun daji da gine-gine daga GLO-30. Abubuwa biyu ya kamata a riƙe game da shi: tsayin ƙasar da yake bayarwa a ƙarƙashin bishiyoyi ƙiyasi ne, kuma lasisinsa na kyauta bai haɗa da aikin kasuwanci ba.

Dukkan waɗannan suna aiki cikin sauƙi a manhajojin taswira irin su QGIS, GRASS, TauDEM ko WhiteboxTools. Ga manhajoji irin su SWAT da HEC-HMS, waɗanda ke raba kwari zuwa ƙananan yankuna su dunƙule lissafin kowanne, mita 30 ya wadatar wajen ƙiyasin yawan ruwa, domin idan faɗin kwarin ya fito daidai, ruwan sama da irin ƙasa da tsirran da ke kanta su ne ke da rinjaye a kan sakamako. Inda ake samun rauni shi ne ƙiyasin zaizayar ƙasa, saboda lissafinsa ya dogara kai tsaye a kan tsanani da tsawon gangara, waɗanda gida mai faɗi ke murɗewa.

Zaɓi na uku: mita 5 zuwa 12

Tun a 1994 Zhang da Montgomery suka gwada gidaje daga mita 2 zuwa 90 a kan ƙananan kwaruruka biyu masu gangara a yammacin Amurka, suka ga cewa mita 10 ya fi mita 30 da 90 ƙwarai, amma sauka zuwa mita 4 ko 2 ɗan ƙari kaɗan ya kawo. Har yanzu ana kafa hujja da wannan sakamako, kuma yana da ma'ana ga duk aikin da ya shafi gefen tudu, kamar gano inda ƙasa ke fara jiƙewa ko inda rafi ke farawa. Wasu ƙasashe na raba taswirar mita 10 ko 5 kyauta. Inda babu, sai a saya: WorldDEM na Airbus mai mita 12, ko AW3D mai mita 5, kuma ana biya ne gwargwadon faɗin yankin, tare da sharuɗɗan da kan taƙaita rabawa ga wasu. Kafin a biya, wajibi ne a tambaya ko tsurar ƙasa ake sayarwa ko saman bishiya, domin taswirar mita 5 mai ɗauke da rufin gidaje ba ta fi ta mita 30 da aka tsefe amfani ba.

Akwai wani tarko a wannan rukuni da ya kama ɗalibai da dama. Taswirar mita 12.5 da ke zuwa tare da hotunan PALSAR, radar tauraron ALOS, a rumbun bayanan taurarin ɗan Adam na Alaska ba sabon awo ba ce. A mafi yawan duniya SRTM mai mita 30 ne aka yayyanka gidajensa don su dace da hotunan radar. Yanka gida ɗaya zuwa huɗu ko tara ba ya ƙara sanin ƙasa ko da taƙi ɗaya, yawan lambobi da nauyin fayil kawai yake ƙarawa. Haka abin yake ga duk wanda ya ɗauki taswirar mita 30 ya mayar da ita mita 10 a kwamfutarsa.

Zaɓi na huɗu: LiDAR mai mita 1 ko ƙasa da haka

A nan jirgin sama ne ke harba hasken leza zuwa ƙasa yana auna lokacin dawowarsa, kuma da yake wasu ɗigon hasken na bi ta tsakanin ganye su taɓa ƙasa, ana iya ware tsurar ƙasa da gaske. Shirin 3DEP na hukumar USGS a Amurka ya ɗauki mizanin aƙalla ɗigo 2 a kowane murabba'in mita da kuskuren tsayi na santimita 10. Ingila da Holand ma suna raba irin waɗannan bayanai kyauta. Inda gwamnati ba ta yi ba, mai aikin ne zai ɗauki nauyin jirgi da ma'aikata da sarrafawa, kuma wannan ne zaɓi mafi tsada da tazara mai yawa.

Abin da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne ganin da LiDAR ke yi ya kan zame masa matsala. Daga sama, titin da ya ratsa rafi madatsa ce, domin kwalbatin da ke ƙarƙashinsa ba ya bayyana. Idan aka bar manhaja ta cike ramuka kamar yadda aka saba, za ta cika duk filin da ke bayan titin har ruwa ya tsallake, ta haifar da tafkin da babu shi. Gyaran shi ne a huda kowace kwalbati da gada, ko dai da hanyar hudawa ta atomatik ko da hannu bisa jerin wurarensu, kuma a babban kwari wannan aikin makonni ne. Bayan haka hasken da aka saba amfani da shi ba ya ratsa ruwa, saboda haka abin da ake samu saman kogi ne a ranar da jirgin ya wuce, zurfin kogin kuwa sai an auna shi daban. LiDAR shi ne kuma mafi saurin tsufa, tunda ƙananan abubuwan da aka saye shi dominsu, wato tituna da jinga da unguwanni, su ne ke sauyawa cikin ƴan shekaru.

Jirgi maras matuƙi mai ɗaukar hoto yana ba da gidaje na santimitoci a farashi mai sauƙi, amma ƙaramin fili kawai yake iya rufewa, ba ya ganin ƙasa a ƙarƙashin ciyayi, kuma ba tare da alamomin da aka auna da kyau a ƙasa ba taswirar na iya lanƙwashewa kamar kwano.

| Zaɓi | Shekarun awo | Kuɗi | Gidaje a murabba'in kilomita 1,000 | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| MERIT, HydroSHEDS, mita 90 | Galibi 2000 | Kyauta, a duba lasisi | Kusan 123,000 | Iyakar ƙaramin kwari na ɓata |
| SRTM, NASADEM, mita 30 | 2000 | Kyauta | Miliyan 1.1 | Rashin daidaito a shimfiɗaɗɗen fili |
| Copernicus GLO-30 | 2011 zuwa 2015 | Kyauta | Miliyan 1.1 | Saman bishiya da rufi |
| FABDEM, mita 30 | 2011 zuwa 2015 | Kyauta ga aikin da ba na kasuwanci ba | Miliyan 1.1 | Tsurar ƙasar ƙiyasi ce |
| Mita 5 zuwa 12 | Ya danganta | Galibi na saye | Miliyan 7 zuwa 40 | Biyan kuɗi a kan saman bishiya |
| LiDAR, mita 1 | Ya danganta | Kyauta a wasu ƙasashe, tsada sosai a wasu | Biliyan 1 | Madatsun ƙarya, saurin tsufa |

Wanne ya dace da wa

Mai nazarin babban kogi da kwarinsa ya kai dubban murabba'in kilomita, yana son sanin yawan ruwan wata ko na shekara, ya ɗauki MERIT Hydro ko HydroSHEDS, ya kashe sauran ƙarfinsa wajen neman ingantattun bayanan ruwan sama, domin a can ne babban kuskurensa zai fito. Mai matsakaicin kwari da ke aiki da SWAT ko HEC-HMS ya fara da GLO-30, idan kuma daji ko gari ya rufe wurin ya gwada FABDEM, ya kwatanta rafukan da kowanne ya fitar. Wanda aikinsa zaizayar ƙasa ne ko ƙaramin kwari mai gangara, mita 10 ko 5 na tsurar ƙasa ya cancanci kuɗinsa. Wanda kuwa zai zana taswirar ambaliya a fili shimfiɗaɗɗe ko cikin gari, inda bambancin rabin mita ke raba gidan da ruwa zai ci da wanda zai tsira, LiDAR yake buƙata. Idan bai samu ba, ya zama dole ya faɗa a fili cewa taswirarsa ta nuna yankin da ke cikin haɗari ne kawai, kada a yi amfani da ita wajen yanke hukunci a kan gida ɗaya-ɗaya.

A aikace, haɗa biyu ya fi yawa. Ana lissafin ruwan da ke gangarowa daga kwari baki ɗaya da mita 30, sannan a sayi LiDAR na siririn filin da ke gefen kogi kawai. HEC-RAS, manhajar lissafin gudun ruwa a kogi da yaɗuwar ambaliya, tun daga siga ta 5.0 da ta fito a 2016, yana ba da damar yin lissafi a kan manyan gidaje yayin da yake karanta siffar ƙasa daga taswira mai ƙananan gidaje, wanda hakan ke rage nauyi ba tare da jinga da lambatu sun ɓace ba, muddin an jera gefunan gidajen lissafin a kansu. Mai haɗa taswirori biyu ya tabbatar sun tashi daga sifili ɗaya: SRTM yana auna tsayi daga EGM96, Copernicus daga EGM2008, waɗanda duka biyu ƙiyasin matakin teku ne, ɗanyen TanDEM-X kuwa daga WGS84, wato sumul siffar duniya ta lissafi, kuma tazarar da ke tsakanin wannan na ƙarshe da matakin teku tana kai gomman mitoci a wurare da yawa.

Ko wacce aka zaɓa, akwai gwaji biyu da ba sa cin kuɗi kuma ya kamata a yi su kafin a shiga daidaita manhaja, wato gyara lambobinta har sakamakonta ya dace da ruwan da aka auna a kogi. A ɗora rafukan da taswirar ta fitar a kan hoton tauraron ɗan Adam a ga ko sun bi inda ruwa ke bi, sannan a kwatanta faɗin kwarin da aka samu da wanda aka rubuta wa tashar auna ruwa da ke mafitarsa. Idan faɗin ya kauce, kuskuren zai shiga kowane lissafi da ya biyo baya, kuma lokacin daidaitawa manhaja za ta ɓoye shi ta hanyar murɗe lambobin ƙasa da na tsirrai, har sakamakon ya yi kama da na tashar a shekarun da aka gwada, ya kuma kauce a shekarar da ruwa ya yi yawa. Haka nan idan aka sauya taswira bayan an gama daidaitawa, dole a sake daidaitawar daga farko, saboda lambobin da suka dace da gangarar mita 90 ba za su dace da ta mita 10 ba.